Jaki Ba Ya Cewa Kaya Sun Yi Yawa

Shagon Kawu ɗaki ɗaya ne a bakin hanyar da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel suke bi in za su shiga gari. Rufin kwano ne, babu silin, taga ɗaya. A ciki akwai injin fotokwafi da firinta da kwamfutoci uku. Biyu na buga takardu ne, kowa na iya taɓa su. Ta ukun kuwa, wata baƙa doguwa da Kawu ya sayo ta hannu a Kano, ita muke kira Uwargida, don ita ke haɗa bidiyon biki, kuma daga guminta ake biyan hayar shago da man janareto. Saboda tsabar ji da ita, Kawu ya sa kafinta ya yi mata akwati a ƙarƙashin tebur, har da ƙofa da kwaɗo, wai kada yara su yi wasa da ita.

Shekarar 2015 ce, ina ɗan shekara goma sha tara. A shekarar ne JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, sai ga iyaye daga Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar suna kawo 'ya'yansu a koya musu riƙe linzami da danna amsa. Wannan bai lafa ba zaɓe ya zo, na shugaban ƙasa ranar 28 ga Maris, na gwamnoni ranar 11 ga Afrilu, muka yi ta buga fosta har yatsunmu suka rine. Ana gama zaɓe kuma bukukuwan da aka ɗage suka taso a lokaci guda, kowa na so ya aurar kafin azumi. Duk wannan a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gumel ke haura digiri 40, kwano ya tara shi ya juye maka a ka.

A nan ne Uwargida ta fara halinta. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, kana tsakiyar fitar da bidiyo, sai ka ji ƙugin fankarta ya ƙaru, hoto ya fara tsalle, can sai ɗif, ta mutu. Aikin awa biyu ya tafi. In ka taɓa saman akwatinta kamar ka taɓa murfin tukunya.

Ranar Talata Kawu ya tafi Kano, zai yi kwana huɗu. Ya miƙa min makulli ya ce, “Ka bi ta a hankali. In ta matsa, ka bari sai dare.”

Ni kuwa a lokacin ban iya cewa a'a ba. Kafin la'asar ɗin ranar na karɓi bidiyon bikin 'yar wata Hajiya daga Sule Tankarkar, na ce Juma'a. Wani hedimasta daga Gagarawa ya kawo takardun jarrabawa na aji shida, na ce Juma'a. Ɗalibai bakwai suka kawo firojet, kowanne na ce masa Juma'a. Ba kwaɗayin kuɗi ba ne, don kuɗin ba nawa ba ne. So nake Kawu ya dawo ya tarar da aljihun tebur a cike, ya san ya bar namiji a shago.

Laraba ta mutu sau uku kafin azahar. Sai na ce maganin zafi iska, maganin ƙarancin iska kuwa ƙarin fanka. Na je wurin 'yan gwangwan a bayan kasuwa, na yi ta tona tarin ƙarafa har na ci karo da wasu fankoki biyu masu kauri, baƙaƙe, masu nauyi a hannu, da alama daga cikin wata babbar na'ura aka ciro su. Na duba bayansu na ga an rubuta 12V. Na san fankar Uwargida ma 12V ce. Shi ke nan, na ce, jininsu ɗaya. Akwai wata lamba kusa da wannan, na gan ta, ban dai tsaya a kanta ba.

Da magariba na rufe shago ta ciki. Na buɗe gefen kwamfutar, na bi wayar fankar baya har inda ta shiga jikin madabod, wani ɗan farin soket mai allurai, an rubuta SYS_FAN a gefensa da ƙananan baƙaƙe. Na feƙe wayoyin da reza, ja da ja, baƙi da baƙi, na murɗe guda ukun wuri ɗaya, na naɗe da baƙin tef. Na ɗaure sababbin da wayar ƙarfe, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na tayar da janareto, na yi bisimilla, na danna.

Wallahi sai da na ja da baya. Ƙara kamar jirgi zai tashi. Takardun hedimasta suka watse a ƙasa, kalandar bango ta shiga kaɗawa. Na tsaya na riƙe ƙugu ina murmushi ni kaɗai, ina cewa a raina, yau zafi ya ga ubansa.

Ban fi minti goma da fara aikin Hajiya ba na ji wani wari, irin na robar da ta faɗa garwashi. Ƙarar ta yanke lokaci guda. Na leƙa, sai ga wani siririn hayaƙi yana tashi daga gefen farin soket ɗin, a hankali, kamar na turaren tsinke. Na fizge wayar bango. Daren nan ban runtsa ba. Lissafin da nake ta yi shi ne shekara nawa zan yi ina aiki kyauta kafin in biya Uwargida.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Tun asuba manyan motoci ke wucewa, wasu za su ɗauko shanu zuwa kudu, ga 'yan babur da akuyoyi ɗaure a baya. Na rungumi kwamfutar na tsallaka titi zuwa gindin darbejiyar da Baba mai rediyo yake kafa teburinsa. Tsoho ne da ya fara gyara tun zamanin rediyo mai jakar fata, ya bi ta kan talabijin da bidiyo mai kaset, har ya iso kan cajar waya da fitilar sola. Mu samarin shagunan kwamfuta muna ɗan raina shi, gaskiya, don ko imel ba shi da shi.

Na gaishe shi, na ajiye. Bai tambaye ni komai ba. Ya sunkuya ya shinshina, sannan ya ɗora gilashinsa mai ɗaurin zare, ya kai bakin sukundireba kusa da soket ɗin. Wani ɗan abu ne baƙi mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya kumbura ya tsage, kewayensa ya yi launin ƙanzo.

“Ni ban san kwamfuta ba, ɗana,” ya ce, “amma na san wuta. Wa ya yi wannan ɗaurin?”

“Ni ne, Baba.”

“To. Juya min wannan ƙatuwar. Karanta abin da ke bayanta.”

“Bolt goma sha biyu.”

“Ci gaba.”

“1.50A.”

“Ɗayar fa?”

Ita ma haka. Ta asalin kuwa, 'yar siririyar da kwamfutar ta zo da ita, 0.25A. Ya ce in haɗa. Na haɗa a ƙasa da tsinke: uku da kwata.

“Shi kuma wannan ɗan bakin da ka cusa su, nawa aka ce ya ɗauka?”

Na yi shiru. Ya ce in tambayi wayata, tunda mu komai a waya muke tambaya. Na karanto sunan bod ɗin, na nemo littafinsa a intanet, na yi ta gangarawa har na iso shafin fankoki. Amfiya ɗaya, wato wat 12. Daga baya na gane yawancin irin waɗannan soket ɗin haka suke, sai ƙalilan da ake yi musamman su ɗauki biyu ko uku, kuma su ma sai littafin ya faɗa.

Baba ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Ya ce bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, shi ke ba ruwa ƙarfin turi, amfiya kuwa yawan ruwan da ke bi ta bututu ne. Tanki ɗaya na iya ba buta ruwa, ya ba tanka ruwa, amma bututun da aka ja don cika buta ba zai ciyar da tanka ba. Fanka kuma ba jira take a ba ta ba, ja take yi gwargwadon cikinta. Ya ƙara da cewa lokacin tashi ta fi ja, kamar yadda mai turin kura ya fi shan wuya a taku na farko, don haka ko lissafi ya ba ka ɗaya cif, kada ka cika, ka bar sarari.

Ana cikin haka wani yaro ya zo wucewa da jaki, an labta masa buhunan ƙaiƙayi har ba ka ganin komai sai kunnuwa da ƙafafu. Baba ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

“Mahaifina dillalin dabbobi ne a Maigatari,” ya ce. “Ina yaro nakan bi shi. In Buzaye suna ɗora wa raƙumi kaya, tun kafin a gama yake fara kuka, yana ƙugi, yana juya wuya. In kayan suka wuce masa, ba zai tashi ba, ko ka kashe shi. Mutane su ce raƙumi mugun hali gare shi. Jaki kuwa ka ɗora, ka ƙara, ka hau kai, ba zai ce uffan ba. Kowa na yabonsa da haƙuri. Ranar da zai ba ka amsa, a tsakiyar hanya zai durƙushe, kuma ba lallai ya sake tashi ba.” Ya ƙwanƙwasa akwatin ƙarfen da ke kusurwar kwamfutar, wanda muke kira fawa-fak. “Wannan raƙumi ne. Mai kyau daga cikinsu, in ka yi masa gajeren haɗi ko ka wuce masa iyaka, kashe kansa yake yi. Wancan ɗan soket ɗin kuwa jaki ne. Ka ɗora masa kayan jakuna uku, ya ɗauka, har ka ji daɗi.”

Sai ya dube ni ta saman gilashi. “Aiki nawa ka karɓa na Juma'a?”

Ban san yadda aka yi ya sani ba. Ko da yake a gari irin namu, wanda ke zaune a bakin titi tun safe babu abin da ke wuce shi. Na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya ci gaba da warware tef ɗina.

Da ya raba wayoyin, ya kankare baƙin wurin ya auna da mitarsa, ya ce mu gwada ta ba tare da fankar baya ba, na ɗan lokaci. Hannuna na rawa na danna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito. Soket ɗin dai ya tafi har abada, amma wutar ba ta ci gaba cikin bod ba. Na zauna a ƙasa, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Da hankalina ya dawo sai wayona ma ya dawo. Na ce, “Baba, tunda fawa-fak ne mai ƙarfi, bari in buɗe shi in jawo wuta daga ciki kai tsaye.”

Ya buge min hannu da sukundireba, da gaske, har wurin ya yi ja. Ya ce wannan akwatin ba a buɗe shi. A cikinsa akwai manyan kafasito da ke tara wuta sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Duk abin da ake so daga gare shi ya riga ya miƙo shi waje ta wayoyi. Ya kuma nuna min wani ɗan jan makunni a bayansa, mai 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗayan. Ya ce tamu wutar 230 ce, ta Amurka kuwa wajen rabin haka, kuma ya sha ganin kayan da aka kawo daga can sun yi tsawa a jonawar farko saboda ba wanda ya duba wannan ɗan abin. Ya yanko tef ya manne shi a kan 230, kada wani yaro mai ƙaiƙayin hannu ya tura shi.

Daga nan ya jawo ɗaya daga cikin wayoyin da ke reto babu aiki, mai farin kai da ramuka huɗu, irin wanda ake kira Molex, da ake jona wa tsofaffin hadis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, da na'urar faifai. Wayoyi huɗu: ruwan ɗorawa, baƙi biyu, ja. Ya ce, “Da kai ne, ina za ka haɗa jar wayar fanka?”

“Ja da ja mana.”

Ya ɗora mita a kan jar: bolt 5. Ya ɗora a kan ruwan ɗorawar: 12. Na buɗe baki. Ashe a jikin fanka mai waya uku ja ce ke ɗaukar 12, ruwan ɗorawar kuwa ba ta wuta ba ce, ita ke kai wa bod labarin gudun fankar. A jikin fawa-fak kuma ruwan ɗorawa ce 12, ja 5. Wanda ya bi launi ido rufe, ko dai fankarsa ta yi ta jan ƙafa a kan bolt 5, ko ya aika 12 ta hanyar da ba ta wuta ba ya lalata ta. Wasu fankokin masu waya huɗu ma launinsu daban ne gaba ɗaya, baƙi da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi. Baba ya ce shi bai taɓa yarda da launi ba sai mita ta shaida, don launi riga ce, kowa na iya sawa.

Na ce na ji ana haɗa fanka tsakanin ruwan ɗorawa da ja don a sami bolt 7, ta rage ƙara. Ya ce lissafin daidai ne, goma sha biyu a cire biyar, amma kana tura wuta ta koma ta ƙofar da aka yi don fita, kuma ba kowane fawa-fak ke yafe wannan ba. “A kayan wani kake so ka gwada?” Na ce a'a.

Ya narkar da dalma ya haɗa 'yar fankar asali da kan Molex, ja zuwa ruwan ɗorawa, baƙi zuwa baƙi, ya rufe kowane haɗi da robarsa daban, ya naɗe wayar labarin ita kaɗai ya ajiye ta gefe. Ya ce wannan hanya ba ta da haɗari, aibinta ɗaya: fankar za ta yi ta gudu iya ƙarfinta dare da rana, ba mai ce mata rage, kuma in ta tsaya bod ba zai sani ba. Za ta riƙe mu dai kafin a samo abin da ya dace.

Ina shirin ɗauko ƙattin nan biyu ya ce in dakata. “Kafin ka ƙara mata iska, ka tambaya me ya hana ta shan wadda take da ita?”

Ya haska tocila cikin ƙarfen da ke kan firosesa, mai siraran haƙora kamar matsefi. Babu haƙoran. Abin da ke wurin wani bargo ne ruwan ƙasa, ƙurar hunturu biyu ko uku ta haɗu da zaren tufafi ta toshe ko'ina, har kana iya ɗaga ta da farce a dunƙule kamar ƙosai. Fankar tana ta juyawa a kan bango. Ya aika aka aro famfon mai facin keke. Ya soka tsinke tsakanin fukafukan fankar ya riƙe, ya ce kada iska ta juya ta fiye da ƙima, don tana cin gindinta, kuma fankar da aka juya da ƙarfi ita ma wuta take haifarwa ta mayar cikin bod. Na yi ta bugawa. Ƙurar da ta fito sai da mai shayin kusa da mu ya rufe kofunansa yana mita.

Ya kwance ƙarfen. Man da ake shafawa tsakaninsa da firosesa ya bushe ya farfashe kamar ƙasan tafki a watan Mayu. Na ce na ji ana sa man goge baki. Ya yi dariya har da tari. Ya buɗe gwangwaninsa ya ɗauko farin man da yake shafa wa transistocin amfilifaya, ya goge tsohon tas, ya ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, ya mayar ya ɗaure kusurwa da kusurwa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ƙarshe. Ya nuna min wasu 'yan kibiyoyi biyu a gefen firam ɗin fanka, ɗaya na nuna inda take juyawa, ɗaya inda iska ke fita. In babu kibiya, ɓangaren da ke da sanduna da takardar lamba nan ne mafita. Ni kuwa daren jiya duka biyun ciki na sa su hurawa, ta gaba da ta baya, suna dambe da juna a tsakiya. Iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan kayan, ta fita ta baya da sama, haka ake so. Sannan ya tambaye ni a ina take zama a shago. Da na ba shi labarin akwatin kafinta mai ƙofa da kwaɗo, sai ya ce, “Ku sa mutum a ɗaki ba taga a watan nan, ku kulle, sannan ku ce ya cika zufa.”

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuyar. Abin da zai raba wuta ga fankoki da yawa ba tare da an ɗora wa bod ba, babu shi a Gumel, sai Kano. Wanda ke Kano kuwa Kawu ne. Na yi ta juya waya a hannu. Baba ya ce, “Ko ka kira shi yanzu ya sayo, ko ya dawo ya shinshina da kansa. Hancinsa lafiya lau.”

Na kira. Na faɗi komai, har da 'yan gwangwan. Shirun da ya yi ya fi zagi ciwo. Can ya ce, “Tana tashi?” Na ce tana tashi. Ya ce, “Ba Baba wayar.” Suka yi magana, ina jin Baba na cewa, “A'a, yaron kirki ne, jaki ne kawai.”

Daga nan na kira hedimasta na ce, ranka ya daɗe, takardunka Juma'a suna nan, don su a ƙananan kwamfutocin ake bugawa. Ɗalibai na ce huɗu Juma'a, uku sai Litinin. Ɗaya ya zo ya karɓe nasa ya kai wani shagon. Hajiya ce ta wanke ni tas, ta ce dangin ango daga Damagaram za su koma ranar Asabar, da me za su tafi? Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne, na karɓi abin da ya fi ƙarfina. Lahadi in Allah ya so, ni zan kai tasha a ba direba.” Ta kashe waya ba sallama.

Asabar Kawu ya dawo da leda daga titin Beirut. A ciki akwai fankoki biyu masu faɗin santimita 12, masu waya huɗu, kowacce 0.20A, da wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana mai soket a jere. Wutarsa daga fawa-fak yake sha ta kan SATA, irin na hadis, wanda layinsa na bolt 12 aka yi shi ya ɗauki amfiya huɗu da rabi. Daga bod kuwa ba ya karɓar komai sai umarni, ta wata siririyar waya. Waya ta huɗun nan ita ce sirrin: ta cikinta bod ke ce wa fanka ƙara ko rage gwargwadon zafi, alhali nauyin wutar na kan raƙumi. Tunda soket ɗin baya ya ƙone, muka ɗauki umarnin daga na firosesa, muka sa fankar firosesar a bakin farko na akwatin, wanda shi kaɗai ke mayar da labarin gudu. Mai waya uku in ka sa ta a irin wannan akwatin za ta yi aiki, sai dai ba ta jin umarni, gudu kawai take.

A ledar akwai kuma waya mai rassa biyu. Na duba na ga reshe ɗaya allurarsa uku, babu ta labari. Na ce an cuci Kawu. Ya ce shi ma haka ya ce wa mai shagon, aka yi masa bayani cewa da gangan ne: in fanka biyu suka kai rahoto ta waya ɗaya, bod ruɗewa yake, kamar mutum biyu na ba ka labari lokaci guda. Irin wannan wayar ba laifi gare ta ba matuƙar jimlar fankokin ba ta kusanci amfiya ɗaya ba. Da ita da ƙananan fankoki biyu na fara tun ranar Laraba, da babu abin da ya ƙone.

Gyaran da aka ba Kawu shi ne wata 'yar waya mai mayar da Molex zuwa SATA, kanta narkakkiyar roba ce a dunƙule. Baba ya juya ta a hannu, ya ce shi ba ya son haɗin da ba zai iya gani ba, ya jefa ta gwangwani. Shekaru bayan haka, da na shiga sana'ar sosai, na ga hotunan irinta da yawa sun narke sun babbake hadis, don wayoyin cikin robar kan matso su taɓa juna. Araha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kuwa har gobara take yi.

Kawu ya cire ƙofar akwatin da hannunsa, ya sa kafinta ya huda bayan, aka ɗora Uwargida a kan bulo biyu don ta bar shaƙar ƙurar ƙasa. Bai cire min ko sisi a albashi ba. Abin da ya yi, ya sayo littafi mai layi ya ajiye a kan tebur, ya ce duk aikin da aka kawo in rubuta awa nawa zai ci, in haɗa, kafin in buɗe baki in faɗi rana. Lahadi da rana tsaka, kwano na ƙara don zafi, bidiyon Hajiya ya fita daga farko har ƙarshe. Fankokin suka ɗaga murya da aiki ya yi nauyi, suka sauke da ya ƙare.

Litinin da safe wani mutum ya faka babur a ƙofar shago, ya ce bidiyon suna ne, gobe yake so. Na buɗe littafin na bi layi da yatsa.

“Sai Alhamis, Alhaji.”

Ya ce a wancan shagon an ce masa gobe. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ya tayar da babur ya tafi. Na leƙa tsallaken titi, sai ga Baba a gindin darbejiya ya jona ɗaya daga cikin ƙattin fankokina a tsohon batirin mota, da fis a tsakani, ya saita ta daidai fuskarsa. Iskar na neman tuge masa hula, ya dafe ta da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana murɗa wata rediyo yana neman tasha.